Kafin liman ya ɗauki lasifika: haƙƙin jama'a idan masu binciken magani suka zo gari



Shekarar 2024 ta zo wa yankinmu da sababbin alluran rigakafi ɗaya bayan ɗaya. Kamaru ta sa allurar zazzaɓin cizon sauro cikin jerin alluran yara ranar 22 ga Janairu, Nijar ta soma tata a Gaya cikin watan Satumba, Najeriya kuma ta fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a watan Disamba. A cikin shekarar ne Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi aiki da sabuwar allurar sanƙarau mai tare iri biyar na ƙwayar cutar, sannan Nijar ta biyo ta. Abin da da yawa daga cikinmu ba mu kawowa a rai shi ne, kowace ɗaya daga cikin waɗannan allurai, kafin ta iso hannun malamar asibiti, sai da aka gwada ta a jikin 'ya'yan wasu bayin Allah, a garuruwa irin namu, a Burkina Faso da Mali da Gana da Gambiya da sauransu. Kuma gwaji bai ƙare ba. Gobe ma wata mota za ta tsaya a ƙofar wani mai gari.

A watan Oktoba na shekarar, Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta zauna a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, ta sabunta takardar ƙa'idojin bincike a kan ɗan Adam wadda ta fitar tun 1964. Gyara biyu ne suka fi shafar mu. Na farko, ta sauya sunan da ake kiran wanda ake bincike a jikinsa, daga kalmar da ke nuna abin da ake aiki a kansa zuwa wadda ke nuna abokin aiki. Na biyu, ta ɗora wa masu bincike nauyin zama da mutanen da abin ya shafa da al'ummarsu kafin a fara, da lokacin da ake yi, da bayan an gama, har su sa baki cikin tsara binciken da yaɗa sakamakonsa.

To me ya kawo wannan magana shafin wa'azi? Dalili shi ne, idan motar nan ta tsaya, ƙofa biyu ake ƙwanƙwasawa, ta mai gari da ta liman. Kuma abin da aka saba nema wajen liman bai wuce sanarwa bayan sallame salla ba: baƙi sun zo da alheri, kowa ya fito da yaransa. Wannan shi ake kira wayar da kai. Amma wayar da kai daban, shawara daban. A wayar da kai an riga an yanke komai a Yamai ko Abuja ko Turai, an buga takardu, abin da ya rage kawai a lallashi mutane su miƙa hannu. A shawara kuwa ana zuwa ne tun alƙalami bai bushe ba, lokacin da maganar mai gari ko ta uwar yaro za ta iya sauya wani abu a cikin tsarin. Duk taron da babu abin da bakin jama'a zai iya canzawa a cikinsa, sanarwa ce, ko da an yanka rago an sha lemo.

Mu duba Kano, domin can ne darasin ya fi tsada. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. Ana tsakiyar wannan tashin hankali tawagar kamfanin Pfizer na Amurka ta sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ta ɗauki yara 200. Kimanin rabinsu aka ba su sabon magani mai suna Trovan, sauran aka yi musu allurar seftiriyazon wadda aka riga aka sani, amma da awo ƙasa da wanda aka saba. Yara 11 suka rasu, biyar daga ɓangaren sabon maganin, shida daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki, abin da cutar kanta ma takan bari. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma. Duniya ba ta ji labarin sosai ba sai a Disamban 2000, da jaridar Washington Post ta fasa ƙwan. Iyayen da suka shigar da ƙara sun ce ba a gaya musu cewa gwaji ne ba, kuma ba a gaya musu cewa a cikin asibitin nan ƙungiyar likitocin Médecins Sans Frontières tana ba da sanannen magani kyauta ba. Jaridar ta kuma ruwaito cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna, daga baya aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata.

Adalci ya sa mu faɗi ta bakin kamfanin. Ya ce malaman jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa sun yarda da baki, ya ce yawan yaran da suka rayu a hannunsa ya fi na sauran wuraren da annobar ta shafa, kuma har aka yi sulhu bai amsa laifi ba. Sulhun da gwamnatin Kano ya zo a 2009 a kan dala miliyan 75, sannan sai a watan Agustan 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu, bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Shekara 15 ke nan bayan an binne yaran.

Ko da mun ɗauka maganin ya yi aiki yadda kamfanin ya faɗa, mas'alar ba ta mutu ba. Ɗaliban fiƙihu sun san babin cinikin mai shisshigi: mutum ya sayar da akuyarka ba da saninka ba, ko da ya sayar da tsada, a mazhabarmu ta Malikiyya cinikin yana rataye ne har sai ka yarda. Wannan akuya ke nan. To ina ga jikin ɗanka? Kuma uban da ke tsaye da yaro a kafaɗa, wuyan yaron ya sanƙare, ba ya cikin halin da zai auna magana. Duk wanda ya gani da farar riga zai ce masa to. Da an zauna da mutanen gari ko na kwana biyu ne, da wani ya tambaya: wa zai tsaya kusa da uban nan ya bayyana masa cewa akwai wata ƙofar a gefe? Wa zai duba yaran bayan kun tafi?

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewa bisa zargin an sa abin hana haihuwa a ciki, kuma labarin Trovan na cikin abin da masu zargin ke kafa hujja da shi. An yi gwaje-gwaje, zargin bai tabbata ba. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, da aka kawo maganin daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka iyaka. Ta shiga Nijar da Chadi da Sudan, ta kai Yaman da Indunusiya kanta, ƙasashe kusan 20. A Najeriya yaran da ta shanye sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006. Mumbari ya taka rawa a wannan fitina, kuma ba kamfani ne ya biya kuɗinta ba, yaran da yau suke jan gindi a bakin kasuwa ne suka biya. Haka kuma da sarakuna da malamai suka shigo aikin da gaske daga 2009 a ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi, sai lamarin ya juya, har aka shelanta Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali ranar 25 ga Agustan 2020. Bakin da ya rufe ƙofa shi ya buɗe ta. Shi ya sa bai kamata a raina sanarwar liman ba, kuma bai kamata liman ya arahantar da ita ba.

Wani zai ce ai wancan zamani ne da babu doka, yanzu kowace ƙasa tana da kwamitin ɗa'a da hukumar magunguna. Gaskiya ne, kuma ci gaba ne. Sai dai hatimin hukuma bai taɓa maye gurbin zama da jama'a ba. A Duwala ta Kamaru, a 2004, an fara gwada ƙwayar tenofobir a kan mata 400 masu zaman kansu, don a ga ko za ta kare su daga cutar ƙanjamau. Da takardun izini aka fara. Amma 'yan fafutuka suka tada ƙorafi cewa takardun bayani da Ingilishi aka fara kawo su alhali yawancin matan Faransanci suke ji, kuma babu gamsasshen tanadi ga wadda ta kamu ana cikin gwajin. A Fabrairun 2005 gwamnati ta dakatar. Kada sana'ar matan ta sa wani ya ɗauke kai, domin zunubin mutum ba ya halatta jikinsa ga kowa. Daga baya, a 2010, bincike a wasu ƙasashe ya nuna dabarar tana aiki, wato an yi asarar shekaru. Daga wannan rikici ne hukumar yaƙi da ƙanjamau ta Majalisar Ɗinkin Duniya da abokan aikinta suka fitar da jagorar tafiya da al'umma a 2007.

Gana ma ta ɗanɗana. A 2015 hukumar magunguna ta ƙasar ta amince a gwada allurar Ebola a Hohoe, cikin yankin Bolta. Jama'a ba su ji daga bakin masu aikin ba, sai a kafafen labarai suka ji, tare da batun cewa za a ba duk wanda ya shiga sidi 200 da wayar hannu, a ƙasar da ba a taɓa samun mai Ebola ko ɗaya ba. Nan take aka ce cutar za a shigo da ita. Majalisa ta ɗauki zafi a watan Yuni, minista ya dakatar, kuma lokacin da aka gama bayani aka ba da dama a ƙarshen shekara, masu gwajin sun riga sun wuce wasu ƙasashe.

Yanzu mu juyo ga wanda ya yi kyau, domin kada a ɗauka kullum ƙorafi ne. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka ƙulla aikin samar da allurar sanƙarau nau'in A, wanda shi ne ke share mana garuruwa lokacin zafi. Kafin su zaɓi kamfani sai suka zagaya suka tambayi jami'an lafiya na ƙasashenmu. Amsar da suka samu, kuma daga Yamai aka faɗe ta ƙarara, ita ce allurar da ba za mu iya saya ba ta fi rashin allura muni, kada farashi ya wuce rabin dala. Wannan magana ta sauya aikin gaba ɗaya. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su karɓi farashin ba, sai aka tafi Indiya wajen Serum Institute. An yi gwaje-gwajen a Mali da Gambiya da Sanagal da Gana, ana farawa da zama da shugabannin gari, sannan a nemi yardar kowane mutum shi kaɗai, a kuma dawo a faɗa wa gari abin da aka gano. A Disamban 2010 aka ƙaddamar da MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, ga 'yan shekara 1 zuwa 29. Yau nau'in A ya kusa zama labari. Ku lura da inda shawarar ta faɗo: a farkon tafiya, lokacin da ake yanke abin da za a ƙera da kuma nawa za a sayar. Ai sau da yawa talakan da aka gwada magani a jikinsa shi ne na ƙarshe da zai iya sayensa.

Kuma ba a nesa ake waɗannan ayyuka ba. A Madarunfa ta jihar Maraɗi, daga 2014, an gwada wani rigakafin gudawar yara mai jure zafi a kan jarirai sama da 3,500, ya rage gudawa mai tsanani ta ƙwayar rota da kusan kashi biyu cikin uku, kuma a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. A Boboye da Loga na jihar Dosso an yi binciken da ake kira MORDOR, inda ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin azitiromaisin sau biyu a shekara. Sakamakon 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 18 cikin 100 a Nijar. Wani binciken da ya biyo baya, AVENIR, ya samu ragin kashi 14 cikin 100 a sakamakon da aka buga a 2024. Maganin da aka yi aikin Dosso da shi, kyauta ce daga Pfizer, kamfanin nan dai na Kano, wanda ke nuna cewa tambayar wane ne ya kawo ba ta wadatar ba, sai an haɗa da yaya aka kawo. Wannan bincike yana ɗauke da wata mas'ala da ta wuce ɗakin likitoci. An ga ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin a garuruwan da ake raba shi, wato ana ceton yara yau, ana kuma rage kaifin maganin gobe. Auna wannan da wancan hukunci ne na maslaha da ɓarna, kuma iyayen da abin zai faɗa wa suna da haƙƙin a shimfiɗa musu shi a fili su faɗi nasu.

Malaman Musulunci na zamani ba su bar babin nan ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a watan Mayun 1992, ta sharɗanta cewa ba a bincike a jikin mutum sai da yardarsa yana cikakken mai hankali, yardar da babu tilas a cikinta kamar halin ɗan kurkuku, babu kuma kwaɗaitarwa da dukiya kamar halin miskini, sannan kada abin ya cutar da shi. Ta ma tsananta a kan yara da masu taɓin hankali, ta hana bincike a kansu ko da waliyyi ya yarda. A 2006 a Amman ta koma kan mas'alar ta shimfiɗa ginshiƙanta, wato girmama ɗan Adam, da tabbatar da maslaha, da adalci, tare da kare mai rauni ko daga waliyyinsa ne. Abin da na fi natsuwa da shi a kan yara shi ne, cutar da ke kashe jarirai ba a gane maganinta sai a jarirai, don haka waliyyi yana da damar yarda inda ake fatan amfani ga yaron kansa kuma haɗarin kaɗan ne. Inda kuwa abin da ya ja shi buhun shinkafa ne ko kuɗin hannu, ya fita daga walicci ya shiga ciniki.

Daga nan ne za a gane iyakar mai gari da liman. Izininsu yana buɗe ƙofar gari ne kawai. Ba ya buɗe ƙofar gida, balle ya naɗe hannun rigar wani. Wannan ya fi ƙarfi a irin binciken Dosso, inda garuruwa ake jefa wa ƙuri'a gaba ɗaya, domin a nan ne uwa za ta ji nauyin cewa a'a bayan mai gari ya ce to. Wajibi ne mai sanarwa ya faɗa da bakinsa cewa wanda ya ƙi bai yi laifi ba, kuma ba za a rage masa komai a asibiti ba. Haka miji da matarsa. A yi shawara da maigida, wannan tarbiyyarmu ce kuma zaman lafiyar gida ne, amma idan jinin mace za a ɗiba, amincewarsa ba ta ɗauke bukatar tata. Taron da aka yi a ƙofar fada da maza zalla, aka ce gari ya yarda a kan binciken masu juna biyu, rabin taro ne. Ga makarantun Islamiyya na matan aure a kowace unguwa, ga malamansu mata, ga ungozomai. Can ya kamata a je, kuma mace ta yi bayanin.

Ina jan hankalin 'yan uwana masu makarantun allo musamman. Tsangaya wuri ne mai sauƙi ga mai neman yara da yawa a inuwa ɗaya, iyayensu kuma suna nesa. Uba ya ba ka ɗansa ne don karatu da tarbiyya. Kai shi asibiti in ya kwanta yana cikin amanar, haka rigakafin da hukuma ta tabbatar take yi wa kowa. Sa shi cikin gwaji ba ya ciki, sai an koma ga uban. Haka 'yan gudun hijira da ke zaune a Difa ko ƙauyukan Maraɗi: wanda cinsa da shansa ke hannun ƙungiya, da wuya ya iya ce wa mai farar mota a'a, don haka sai an ninka kula a kansa.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda a nan ne ɗalibanmu za su fi amfani. A bakin yawancin mutane duk abin da likita ya ba ka magani ne, kuma don lafiyarka ya ba ka. Mai bincike kuwa yana neman amsar tambayar da bai san amsarta ba tukuna. In da ya sani, da bai yi gwaji ba. Idan ba a fitar da wannan bambanci da Hausa tsantsa ba, dangwala yatsa a takarda shafi goma ta Faransanci ba yarda ba ce. Amma bayanin ba shi da wuyar da ake zato. Raba mutane gida biyu ba da zaɓin likita ba, ƙuri'a ce, kuma Musulmi ya san ƙuri'a, Manzon Allah (SAW) yakan yi ta tsakanin iyalansa idan zai yi tafiya. Wasu za su sami maganin, wasu za su sami fankonsa, mai kama da shi a ido da baki amma babu sinadarin a ciki, kuma ko likitan bai san wa ya sami wanne ba sai an gama, don kada son rai ya shiga lissafi. Jinin da za a ɗiba a nuna shi da cokalin shayi, wanda ke ɗaukar mililita biyar, a faɗi sau nawa, a faɗi ko za a fitar da shi waje, da shekarun da za a ajiye shi, da ko za a yi wani binciken da shi nan gaba. Jita-jitar sayar da jini ba ta tsirowa sai inda aka bar wannan fili babu shuka. Ɗalibin da ya iya Larabci da boko, ya zauna da masu bincike su daidaita waɗannan kalmomi, a ɗauke su a murya a saurara a waya, ya yi wa garinsu aikin da ya fi sanarwa goma.

Sannan su kansu marasa lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2002 masana ciwon gaɓɓai na duniya suka gayyaci masu ciwon zuwa taronsu karo na farko. Likitoci sun daɗe suna ƙidaya kumburin gaɓa da zafi, sai masu ciwon suka ce abin da ya fi karya su gajiya ce mai hana komai, wadda ba ta cikin ma'aunin. Bayan 'yan shekaru aka shigar da ita cikin abin da ake aunawa. A Birtaniya tun 2004 akwai tsarin da masu ciwo da masu jinyarsu da likitoci ke zama tare su fitar da tambayoyi goma da suka fi so a bincika a kan kowace cuta. A Kilifi ta Kenya, mazauna yankin ne ke zaɓar wakilai kimanin 200 da ke zama da cibiyar bincike a kai a kai. Mu ma muna da masu sikila da iyayensu, da mata masu yoyon fitsari, da masu ciwon suga da ke tambaya a kan azumi duk shekara. A tambayi uwar mai sikila abin da take so a gano, mai yiwuwa ba abin da ke kan takardar mai ba da kuɗi za ta faɗa ba. Za ta yi maganar daren hunturu da yaro ke kuka babu abin kashe zafi a gari.

Sauran magana mai ɗaci, ita ce ta ambulan. An saba idan aka kira malamai da masu gari taron bita, a ba da kuɗin mota da na zama. Mayar wa mutum abin da ya kashe da lokacin da ya ɓata ba haram ba ne, kuma wanda aka kira ya ba da shawara ya cancanci ladan wahalarsa kamar yadda direba ya cancanta. Sai dai in baki ya ci, ido kan ji kunya. Limamin da ya karɓa, ya faɗa wa kwamitin masallaci nawa ya karɓa da kuma dalili. Kuma kada ya yarda a ɗaura kuɗin da yawan mutanen da ya kawo, domin a ranar ya tashi daga liman ya koma dillali, jama'a kuma suna binsa ne a kan zaton don Allah yake magana.

Saboda haka, kafin a kunna lasifika, liman ya nemi a zauna, kuma kada ya zauna shi kaɗai. Ya kira wani ma'aikacin lafiya ɗan gari wanda ba ya cikin aikin, da malamar mata, da wani daga masu fama da cutar. Tambayar farko: wannan rigakafi ne da hukuma ta tabbatar, ko gwaji ne? Domin allurar zazzaɓin cizon sauro da ake yi yanzu ta wuce matakin gwaji, an yi wa yara sama da miliyan biyu a Gana da Kenya da Malawi daga 2019, kuma kiran ta gwaji ƙarya ce mai kashe yara. In kuwa gwaji ne, a ga takardar kwamitin ɗa'a na ƙasa da kwanan watanta, a san wa ya ba da kuɗi, a san wa zai ɗauki nauyin wanda abin ya cutar da kuma asibitin da za a kai shi, a karɓi lambar wayar da za a kai ƙara wadda ba ta masu binciken ba ce. A tambaye su abin da garin zai samu idan maganin ya yi aiki, da kuma farashinsa. A gwada su da buƙata ɗaya, ko sauya ranar aiki daga ranar kasuwa, ko kauce wa ɗibar jini da rana cikin azumi, ko kawo mace ta duba mata. Yadda suka karɓi wannan zai nuna ko shawara suka zo yi ko sanarwa.

Mai binciken kirki ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, da yawansu ma 'ya'yanmu ne da suka yi karatu suka dawo, kuma sun fi kowa sanin abin da jita-jita ɗaya ke yi wa aikin shekara biyar. Abu na ƙarshe da za a nema a wurinsu shi ne rana. Su faɗi watan da za su dawo su tsaya a filin da suka nemi izini, su faɗa da Hausa abin da suka gano, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, har da adadin waɗanda suka sami matsala. Sakataren masallaci ya rubuta ranar a littafin da yake rubuta kuɗin gyaran rufi, da sunan shugaban tawagar da ofishin da ya turo shi, in lokacin ya wuce ba su zo ba a aika wa likitan gunduma takarda.